Tagar Kakar Ba'amurkiya

Ranar Asabar, takwas ga Disamba 2007, ina da shekara tara, aka ƙwanƙwasa ƙofarmu a unguwar Guillotière ta Lyon. Ni na buɗe, don Inna na kan daka yaji a turmin da ta ɗauko tun daga Damagaram. Sai ga wata doguwar baturiya, hanci jawur don sanyi, rungume da ƙaton kyandir kamar gwangwanin madara. A bayanta Madam Berthier ce, tsohuwar da ke kula da benenmu, tana haki tana masifa.

Madam Berthier ita ce hukumar ƙuruciyarmu. A ɗan filin da ke bayan bene muke tsallen igiya da ɓuya tsakanin kekuna da kwandunan shara, ni da ƙanena Habibu da 'ya'yan maƙwabta, har ta leƙo ta kore mu. Ni ake aike burodi kafin in tafi lakwal, wato makaranta, ni ke sauke shara, kuma duk sawun da na yi sai ta duba takalmina. Turmin Inna kuwa ya hana ta sakat, har sai da aka shimfiɗa masa tsohon bargo. A Lyon aka haife ni, amma kullum sai ta ce, "A garinku haka ake hawa bene?"

Baba, da ke bincike a jami'ar Villeurbanne, shi kaɗai ke jin Turanci, shi ya yi tafinta. Baƙuwar sunanta Linda, daga Amurka. Kakar uwarta a ɗakinmu ta girma kafin ta haye teku. A Lyon, in wannan rana ta zagayo, mutane kan jera ƙananan kyandirori a bakin taga da almuru, kuma dangin Linda sun riƙe al'adar a can ba tare da ɗayansu ya taɓa ganin garin ba. Jirginta gobe ne. Abu ɗaya take roƙo, ta kunna kyandir a tagar kakarta.

"Ai ni ma Bafaranshiya ce," in ji Linda da Faransanci mai karyayyun ƙafafu. Ashe tun da ta zo hawowa ta rungumi Madam Berthier ƙam, wai 'yar uwa ta gani. Tsohuwa ta kakkaɓe rigarta. "Bafaranshiya? Ko gaisuwar bonjour ba ta yi mini ba!" Na ƙyalƙyale da dariya. Gaskiya daɗi na ji, yau dai an samu wadda ta fi ni zama baƙuwa.

Baba ya yi ta sosa ƙeya. Mu ba mu kunna kyandir, ya sha gaya mana asalin abin na addininsu ne. Linda ta fara ja da baya, idonta ya cika. Sai Inna ta aje taɓarya. "Malam, mace ta biyo sawun kakarta tun daga bangon duniya, mu tsaida ta a ƙofa? Taga ce fa, ba masallaci ba. Ta kunna abinta." Ni kuma ta harare ni. "Ke, rufe bakin nan ki kawo mata ruwa."

Matsala ta dawo kan kyandirin. Ƙato ne, yana ƙamshin kirfa, kuma ya ƙi zama a bakin taga. Madam Berthier ta kalla, ta kalla, ta kasa daurewa. "Wannan ai gobara ce!" Ta sauka tana gunaguni. Muka ɗauka ta tafi ke nan. Sai ga ta da kwali cike da 'yan kofunan gilashi masu zane da ta gada daga uwarta, kowanne da ɗan kyandir a ciki. Ta nuna wa Linda yadda ake jera su, tana buge mata hannu in ta karkata ɗaya. Ni ta miƙa wa ashana. "Ke 'yar garin nan ce, nuna mata." Har yau ban tabbata ta san abin da ta faɗa ba. Na dubi Baba, ya kau da kai. Na ƙyasta, na miƙa wa Linda.

Linda ta yi kukanta, ta ci shinkafa da wake da yajin Inna, ta sake wani kukan. Madam Berthier ba ta taɓa yarda cewa Linda Bafaranshiya ce ba. Tana dai ce mata "Ba'amurkiyar hawa na uku", tana tambayarmu ko ta aiko da gaisuwa.

Yanzu ina Bobigny, nesa da Lyon, a bene mai asansa, na'urar hawa da sauka, ba mai duba takalmin kowa, tagogi kuma duhu ranar takwas ga Disamba. Da na je Damagaram na ce ni 'yar gida ce, gwaggona ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in fara gyara gaisuwata tukuna. Sannan ta ja hannuna ta nuna mini ɗakin da aka haifi Inna. Na daɗe tsaye a bakin ƙofar, ban ƙara yi wa Linda dariya ba.