Yaya Sanusi Ya Rufe Shagon Gem

Jiya na iske yayana Sanusi a shagonsa na gem, wato wasan bidiyo, a Bodinga, shi kaɗai, yana naɗe wayoyin na'urorin da ake jonawa da talabijin.

Na ce, "Yaya, ina samarin?"

Ya ce, "Mi za su zo yi, Bello? Ƙwallon da suke bin layi don su buga nan, kamfanin da ya yi shi ya sa shi cikin kwamfuta da waya. Kowa na bugawa daga ɗakinai."

A shagon nan Baba ya yi ɗinki tun Jamhuriya ta Biyu, tsananin lokacin ma bai rufe shi ba. Jiya ni na riƙe ƙyauren, Yaya ya danna kwaɗo.

Da ku ne ni, me za ku ce masa?