Yadda Teku Ya Tsere Wa Sarkin Ruwan Samaru

Litinin: Samaru zuwa Akure

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka kulle gida a Samaru, ni da mai ɗakina Saratu, Maman Rahila. Ni ina riƙe da fatsata da gwangwanin tana da ƙullin dusa, ita kuwa tana jan wata ƙatuwar kula da muka aro. Mai keke ya sauke mu a tashar Sabon Gari biyar saura kwata.

Bakina ne ya jawo mana wannan tafiya. Tun ina koyarwa har na yi ritaya, shekara talatin ke nan ina jefa ƙugiya a kogunan Galma da Kubanni, har 'yan majami'armu suka lanƙaya mini Sarkin Ruwa, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. Ran nan Mama Bose, mai sayar da kifin ƙanƙara a kasuwar Sabon Gari, ta dube ni a gaban mutane ta ce, "Baba Ishaya, sarautarka duk ta tarwaɗa ce. Ka taɓa ganin kifin teku da ransa?" Lahadin da ta biyo na miƙe a taron zumuntar maza na ce ranar bikin godiya zan kawo kifin teku na gwanjo, wanda na kama da hannuna. Aka yi tafi. Mama Bose da kanta ta haɗa ni da ƙanenta Segun, wanda sana'arsa ke nan kai baƙi kamun kifi a bakin ruwan Legas. Saratu ta ce za ta bi ni ne don kada in manta da maganin hawan jini.

Motar ta tashi biyar da rabi. Kaduna bakwai saura kwata, Zuba goma da 'yan mintuna. Shingaye kuwa na daina ƙirga su tun kafin Lokoja. A na bakin gada wani soja ya buɗe kula ya ga wayam, ya buɗe gwangwani, ya yi tsalle baya.

"Baba, wetin be dis?"

Na ce tana ce, ta kamun kifi. Ashe ɗan Kafanchan ne. Ya ce, "Baba, daga Zariya za ka kai wa kifin Legas abinci? Yunwa ake yi a can?" Duk motar aka kwashe da dariya, har da matata. Mun ci tuwon shinkafa da kifi a Lokoja, muka isa Akure bakwai na yamma, muka kwana a wani masauki da fankarsa ta fi injin niƙa ƙara.

Talata: Akure zuwa bakin ruwa

Shida muka tashi, Ibadan tara da rabi, Legas sha biyu. Daga nan zuwa Ojo, tafiyar da ba ta kai Zariya zuwa Kaduna ba, ta ci mana awa uku da rabi. Segun ya tare mu a tasha, ƙato mai kimanin shekara arba'in, ya zube ƙasa ya gaishe ni irin ta Yarabawa. A Unguwar Gabas a Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta jikokina. Minti ashirin da biyar a kwalekwale mai inji muka isa ƙauyensu. Matarsa ta ba mu amala da miyar da ta sa na yi hawaye, na ce daɗi ne.

Laraba: ranar kamu

Shida da kwata muka shiga ruwa. Ba cikin teku sosai ba ne, ruwan gishiri ne da ya shigo ƙasa ya kwanta tsakanin itatuwa. Segun ya ɗaura mana rigar hana nutsewa, ya miƙo mana sandunan fatsa masu zare naɗe a jikin abin juyawa, da bokitin jatan lande na sa wa ƙugiya. Na ce ya riƙe kayansa, na zo da nawa. Saratu, wadda ba ta taɓa riƙe fatsa ba, ta karɓa, ta yi duk abin da ya ce kamar ɗalibar aji ɗaya.

Takwas da minti goma sandarta ta lanƙwashe. Ta yi ta kiran sunan Yesu, Segun yana cewa, "Mama, ki sassauta, yanzu ki ja!" har suka ɗago wani dogon kifi mai haƙora, wanda suke kira kuta, ya kusa tsawon hannuna daga kafaɗa. Na ce mata barka. Gaskiya raina ya ɓaci.

Tanata kuwa ko shinshinawa ba su yi ba. Wajen goma na hango wani lungu mai inuwa, irin wanda tarwaɗa ke so a Galma, na ce a kai ni can. Na watsa dusa. Duk masuncin da ya san aikinsa ya sani, in ka watsa dusa sai ka zauna awa biyu kifi ya taru.

"Baba," in ji Segun, "sha ɗaya za mu bar nan, ruwa zai tafi."

"Zai tafi ina?"

"Zai koma teku. Kullum haka yake yi, sau biyu."

Na yi dariya. Na ce yaro, ruwa ba ya janyewa sai damina ta wuce, Galma ma sai ta yi wata uku tana jan jiki. A raina na ce dabarar direbobi ce, yana so ya sallame mu ya ɗauko wasu. Sha ɗaya saura kwata ya sake faɗi. Na ce, "Tun kana yaro nake ruwa." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Tarbiyyarsa ba ta bar shi ya yi musu da mai furfura sau uku ba.

Sha ɗaya da rabi na ji gindin kwalekwale ya gogi ƙasa. Kafin sha biyu babu ruwa ko na wanke hannu, sai baƙar laka da ƙananan ƙaguwa suna yawo a kan dusata. Na sauka in tura jirgi, na nutse har cinya, takalmina ɗaya yana can har yau.

Saratu ta gyara ɗankwali ta ce, "Ranka ya daɗe, talakawanka sun yi hijira."

Awa huɗu da rabi muka yi cikin rana. Ƙanƙarar kula tana narkewa, Segun ya tuɓe rigarsa ya rufa wa kifin. Huɗu da 'yan mintuna ruwa ya dawo da ƙafarsa kamar yadda ya faɗa. Matar Segun ta yi wa kifin banda a ranar.

Alhamis zuwa Asabar: komowa

Alhamis zazzaɓi da kunya suka kwantar da ni, ban koma ruwa ba. Juma'a muka kamo hanya, muka sake kwana a Akure. Bayan Lokoja na matsa kusa da ita na ce, "Maman Rahila, ai abin miji na mata ne, na mata kuma na miji." Ta ce, "Sha maganinka." Mun iso Samaru Asabar shida da rabi na yamma.

Lahadi

Ranar bikin godiya majami'a ta cika, har Mama Bose ta zo daga Sabon Gari, ta zauna a bencin gaba. Da aka zo gwanjo, bayan doya da buhunan masara, aka ɗaga kifin a kan tire. Mai gwanjo ya ce, "Maman Rahila, ke ce shaida. Sarkin Ruwa ne ya kama?"

Ta miƙe, ba ta dube ni ba, ta ce, "Daga gidansa ya fito."

Shekara talatin da huɗu tana rufa mini asiri, yau har a ɗakin Ubangiji. Sai na ji tafin da ake yi ya fi lakar nan nauyi. Na miƙe na ce, "Jama'a, ita ta kama. Ni dusa na kai wa ƙaguwa." Na ba da labarin duka, har da takalmi. Fasto ya yi dariya har ya cire tabarau. 'Yan zumuntar mata suka yi guɗa, suka haɗu suka saye kifin.

A bakin ƙofa Mama Bose ta tare ni, ta nuna mini wayarta. Ga ni tsundum cikin laka, ga Saratu rungume da kifi. Tun Laraba Segun ya turo mata.

"Baba, Allah ya so ka," in ji ta. "Da ka yi ƙarya, da yanzu kowa ya gani."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Segun da matarsa, da maƙwabcinmu mai kula. Masu zuwa gida suna sallama da Sarkin Ruwa kuma, ku daina tsayawa a zaure wurina. Tana ciki.