Rufin Ɗakin Inna da Karan Gonarmu

Shekarun baya, ina sabon shiga wani buro na masu zanen gini a Maraɗi, na kamu da son wata manhaja. A cikinta mutum yake tayar da gida kafin a aza tubali ko ɗaya: ka jera katakon rufi, ka ɗora kwano, ka cusa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, sai ta shafa wa ɗakin launi. Ja na nufin zafi, shuɗi sanyi. Ni kuwa da son bin diddigi, har abincin rana nake mantawa da shi.

Lokacin mahaifiyata tana fama da hawan jini a ƙauyenmu kusa da Gangara. Ɗakinta na kwano ne, ba komai tsakaninta da shi. Bazara na shigowa sai barci ya gagare ta, ƙafafu su kumbura, ta yini a gindin itacen bedi tana fifita. Likita ya ce idan ba ta samu hutu ba, magani kaɗai ba zai riƙe ta ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Na zana ɗakin nata a kwamfuta, ya fito ja wur. Na duba kayan tare zafi da manhajar ta sani, duk na ƙasashen waje ne, ko a kasuwar Maraɗi ban taɓa ganinsu ba. Sai na ce, to karan hatsi fa? Na haɗa akwatuna biyu a bayan buro, ɗaya da kara ɗaya babu, na sa ma'aunin zafi ina leƙawa kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Da abin da na samu na ƙirƙiro wa manhajar sabon kaya, na raɗa masa suna kara. Na sa wa ɗakin silin, na jibga karan a kansa, na yi ta ƙara masa kauri ina ɗaga kwanon har ɗakin ya koma shuɗi. Da ta lissafa yawan da ake buƙata, sai ga shi kusan karan gonarmu ne gaba ɗaya. Na ce ai banza ta samu.

Da kaka na tafi gida da kwamfutata, ina jin kaina. Na buɗe wa mahaifina, ina juya masa ɗakin sama da ƙasa. Ya kalla da kyau, har ya sa yatsa ya taɓa katakon. Sannan ya ce, "Karan nan duka, daga wace gona?"

Na ce, "Tamu mana, Baba."

"Wanga kara ba namu ba ne."

Ashe na daɗe a birni. Tun zamanin kakana akwai wani gidan Fulani da ke sauka a gonarmu bayan girbi. Shanunsu su ci kara, su bar mana taki. Ba a taɓa zama an ƙulla ba, ba a kuma taɓa saɓawa ba. Dattijon gidan abokin Baba ne, kuma a makon nan ake sa ran isowarsu.

Na ce lafiyar Inna ta fi shanu. Ita kanta Innar ce ta amsa daga bakin ƙofa.

"Kai dai ka iya magana. Mutum ya koro dabbobinai tun daga arewa, ya iske gona hwayau? Da wane ido zan amshi nonon matatai? Bar ni da zahina."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma zaure na goge karan daga zanen, don haushi. Amma na manta ban sauko da kwanon ba, sai ya tsaya can sama, da fili tsakaninsa da silin. Na lura jan ya ɗan dusashe. Haushi ya tafi, son sani ya dawo. Me ya rage zafin, alhali ba komai a wurin? Na ƙara ɗaga kwanon, na buɗe gefe da gefe don iska ta ratsa, na shimfiɗa azara da zana da ƴar ƙasa a ƙarƙashi. Bai kai shuɗin kara ba, amma ya bar ja nesa.

Ina cikin haka dattijon Fulanin ya yi sallama, sanda a kafaɗa. Ya tsuguna yana kallon ɗaki na juyawa, ya ce, "Ɗana, mi ka zuba a tsakiya nan?"

Na ce, "Iska ce, Baffa."

Ya yi dariya har da riƙe gemu. "To ita kam ɗebi yadda kake so. Nagge ba ta ci."

Kafin sanyi ya wuce kafinta ya gama aikin, yana ta mitar bai taɓa yi wa ɗaki hula ba. Shanu kuma suka cinye karansu. Har yau idan na buɗe jerin kaya a manhaja, nakan tambayi kaina wa ke jiran abin nan da nake shirin ɗauka, don ita ba ta da gurbin wannan tambaya.

Da bazara ta tsananta na zo gida da rana tsaka. Gindin bedi ba kowa. Na leƙa ɗaki, sai ga Inna kwance, mafici ya faɗi daga hannunta, tana barci har da minshari. Na zauna a bakin ƙofa, hawaye suka zubo mini. Ba ta farka ba sai da aka kira la'asar. Ta tashi a firgice, ta dube ni ta ce, "Kai, ɗan nan! Wane irin ɗaki ka yi mini, da ya sa na makara azahar?"