Baba Sannu-Sannu da Tikitin Jirgi

Shekara talatin da ɗoriya Baba Sannu-Sannu ya yi yana jan doguwar bas, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Fasinjoji ne suka laƙaba masa sunan, domin in ka shiga motarsa sai ka ɗaura ɗamarar haƙuri. Yaran tasha kan ce har mai keke yana wuce shi. Shi kuwa sai ya ce, "Ya wuce mana, ma haɗu a gaba." Abu ɗaya ne bai iya ba a duniya: ya zauna a mota wani na tuƙi. Ko tasi ya shiga, ƙafarsa sai ta yi ta taka birkin da babu shi.

Da ido ya fara yi masa gardama ya ajiye aiki, ya koma zaman benci a ƙofar shagon mai faci. Ana nan sai Auta, 'yarsa da ke aure a wata ƙasa can bayan teku, ta bugo waya. Za a yi mata aikin ƙoda. Uwarta kuma likita ya hana ta doguwar tafiya saboda hawan jini.

"Baba," in ji Auta, "so nake in na farfaɗo in buɗe ido in gan ka."

"Zan zo, Auta."

Baki ne ya amsa, zuciya ba a shawarce ta ba. Surukinsa ya aiko da tikitin jirgi, daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa. Kullum safiya matarsa sai ta tarar da shi zaune a bakin gado, idanu jajur kamar garwashi. Ta hana shi shayi, ta koma dafa masa madara. Ya yi ta zagaya unguwa da yamma har ƙafa ta kumbura. Ya yi addu'a iya iyawarsa. Da ya runtse ido sai ya ji gadon na faɗawa rami da shi.

Mai askin layinsu, wanda ya taɓa hawa jirgi sau ɗaya, ya ce masa, "Baba, kamar kana zaune a falonka ne. Har abinci za a kawo maka."

"In ya lalace a sama, ina ake fakawa?"

"Ba ya lalacewa."

"Babu ƙarfen da ba ya lalacewa, yaro. Ni ban taɓa ɗaukar fasinja ban zagaya motata na bubbuga tayoyi ba. Wannan ko fuskar direban ba zan gani ba. Wa ya sani ko shi ma bai yi barci ba?"

Rashin barcin ya fara taɓa masa kai. Ya je cefane ya dawo da kwando wayam. Ya mayar wa maƙwabci tsanin da ya ara tun bara, ya bi gida-gida yana neman gafara. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Malam, tafiya za ka yi ko wasiyya?" Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

Ita ce ta tura shi wurin mai kemis. Mutumin ya ba shi ƙwayar barci, ya ja masa kunne: "Rabi za ka sha. Kuma sai ka shiga jirgi, ka zauna, ka ɗaura bel."

Ranar tafiya ƙanensa ya kai shi filin jirgi, ya raka shi har inda ake tsayar da 'yan rakiya. Aka karɓi jakarsa, aka sa ya cire takalmi da agogo, aka nuna masa zauren jira. Bangon zauren gilashi ne tun daga sama har ƙasa. Yana tsaye wani jirgi ya taso a guje ya ɗaga hanci, ƙararsa ta ratsa masa haƙora. Ya lallaɓa can ƙurya, bayan wani ginshiƙi inda ba ya hango komai, ya zauna. Ya laluba aljihu, ya haɗiye ƙwayar ɗungurungum, ko ruwa babu. Bai san lokacin da barci ya kwashe shi ba.

"Baba, ɗaga ƙafa in goge."

Wata mai shara ce tsaye a kansa. Ya miƙe a firgice. Zauren da ya bari cike maƙil ya zama fayau. Ya nufi matar da ke bakin ƙofar shiga yana miƙa mata tikiti.

"Ayya, Baba, kai ne? Mun yi ta kiran sunanka a lasifika. Jirgi ya daɗe da tashi. Jakarka ma an sauke ta."

Ta duba kwamfuta ta ce babu gurbi sai mako mai zuwa. Aikin Auta kuwa jibi ne. Abin da ya fi ci masa rai, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa, shi ne da farko wani sanyi ya ji a zuciyarsa. Kunyar daga baya ta zo, ta danne shi har ya kasa ɗaga kai.

Matarsa ta buɗe ƙofa ta gan shi da jaka a hannu. Ta karɓa ta kai ɗaki.

Ranar aikin, su biyu suka zauna a tsakar gida, waya a kan tabarma tsakaninsu. Sai bayan la'asar surukin ya kira. An yi aiki lafiya, ta farfaɗo.

"Ta yi magana?" in ji Baba.

Surukin ya ce, "Ta tambaya ko ka iso. Na ce mata kana hanya. Na gyara tikitin, Baba, ranar Talata ne."

Baba Sannu-Sannu ya dubi matarsa.

"To," ya ce.