Tiyar Malam Sanda

Shekara ashirin da biyu Malam Sanda yana koyar da kemistiri a wata sakandare a Dayi, kuma duk wanda ya ratsa ajinsa ya san tiyarsa. Ranar darasin mol sai ya shigo da ita cike da gero, ya dire a tebur, ya tambaya wa zai ƙirga masa ƙwayoyin. Mu 'ya'yan manoma sai dariya. Ya ce to haka atam yake, ba a binsa ɗai-ɗai. A raba adadinsa da 6.02 × 10²³, abin da ya fito shi ne mol. Mol, in ji shi, tiya ce.

Mun so mutumin nan, har yau ina kewarsa. Sai dai kowace shekara tambayar mol ce ke kayar da ɗalibansa a jarrabawa, shi kuwa ya dage lalacinmu ne.

A shekararmu Yasmin, wadda mahaifiyarta ke awon hatsi a kasuwa, ta ɗaga hannu. Ta ce ai tiyar masara ba ta kai tiyar gero yawan ƙwaya ba, don haka mol ɗin ƙarfe ba zai kai na gawayi yawan atam ba. Duk muka gyaɗa kai, don dama haka muka ɗauka. Malam ya daɗe yana kallon geron.

"Ashe ni nake kayar da ku," ya ce.

Washegari da kiret ɗin ƙwai ya zo. Talatin ne, na kaza ko na zabo, kuma haka mol yake, adadinsa ba ya canjawa. Nan take muka gane, yawancinmu muka ci jarrabawa.

Amma abin bai bar ransa ba. Da ya yi ritaya sai ya riƙa hawa babur yana bin tsofaffin ɗalibansa har Malumfashi da Funtua, yana gyara musu darasi. Ina wurin ranar da ya sami Buba, mai faci a bakin tashar Funtua, wanda kemistiri kaɗai ya hana shi shiga makarantar kiwon lafiya. Buba ya saurara da ladabi, sannan ya ce wallahi ya manta da wani mol, Malam ya daina wahalar da kansa.

"Kai ka manta, ni ban manta ba. Ka yafe mini."

Buba ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya durƙusa a gaban Malam.