Mai Kaɗa Igiya

Baba Kaɗa muke ce masa, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu, yana wanke kwalabe, yana goge tebura, yana kulle kabad. Amma babban aikinsa igiya ce, wata doguwa mai kauri da yake naɗewa a bayan ƙofa. Ranar da zan koyar da taguwa, wato lanƙwasar nan da ke gudu a jikin igiya in an kaɗa ta, shi ke ɗaure bakinta a ƙarfen taga, ya ja baya ya yi ta kaɗawa. Ni kuwa, malamin fiziks mai digiri, ina gaban allo ina zuba bayani: a ƙirga kaɗawa nawa a daƙiƙa, a auna tazarar tozo da tozo, a ninka. Uku sau mita biyu, mita shida a daƙiƙa. Shi ke nan.

Sai hukumar makaranta ta farka da wayo. Wai duk ma'aikacin da ba shi da takardar shaida sai ya zauna jarrabawa, in ya faɗi ya kama gabansa. Mutumin da ke da 'ya'ya biyar fa! Aka ce kowane malami ya ba da tambaya da amsarta, wasu daga waje za su yi maki. Na ce bari in taimaki Baba da abin da ya sani. Na rubuta: igiyar nan dai, in aka koma kaɗa ta sau shida a daƙiƙa, nawa ne saurin taguwar? A takardar amsa na sa sha biyu, ko sake dubawa ban yi ba, shayina na hucewa.

Baba ya rubuta shida. Ya faɗi, maki biyun tambayata kacal suka hana shi ci.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi yana kwashe kayansa a leda, na ce, "Haba Baba! Shida sau biyu ma sai an koya maka? Tambayar nan don kai na yi ta!"

Ya ce, "Na gode, Malam. Ɗan riƙe agogon nan."

Ya ɗaure igiyar a taga, ya kaɗa a hankali. Na auna lokacin da taguwar ta ɗauka kafin ta isa taga. Ya kaɗa da sauri har kafaɗarsa na ƙara. Na sake aunawa. Lokaci ɗaya ne, wallahi, ko ƙiftawa babu bambanci. Tozayen ne kawai suka matsu, tazarar ta dawo mita ɗaya.

"In kana so ta yi gudu, sai dai ka ƙara ɗame ta," in ji shi. "Hannu ba ya hanzarta ta."

Wannan yana cikin littafin da nake riƙewa kullum, shafin da ban cika buɗewa ba. Kunya ta rufe ni. Na ruga ofishin shugaba, ya ce sakamako ya riga ya wuce sama, kuma in na nace, sai in rubuta da hannuna cewa malamin fiziks bai san fiziks ba. Na tsaya ina kallon biron da ya miƙo mini. Ni ma ina da 'ya'ya. Ban karɓa ba.

Da na dawo, Baba ya naɗe igiyar ya rataye. Bai tambaye ni yadda muka yi ba, fuskata ta gaya masa. Ya ɗauki ledarsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, yaran dai," ya ce. "Kar ka ce musu sha biyu."