Ganyen da Shanu Suka Ƙi Ci

Shekaru da dama na yi ina aiki a ɗakin ajiyar tsirrai na wata jami'a a Accra. Aikina shi ne in karɓi reshen da masu bincike suka kawo daga daji, in matse shi tsakanin takardu har ya bushe, in ɗinke shi a kan farar takarda mai kauri, sannan in rubuta sunansa da inda aka tsinko shi. A Nima, unguwar Hausawa inda aka haife ni, ba wanda ya ɗauki wannan a bakin aiki. Kirachi suke kirana, wato akawu, idan na ba da baya kuma su ƙara da "na ciyawa".

Cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, yayata, wadda ke aure a unguwar Maamobi, ta kamu da tari mai naci. Wata uku tana yi, har ta daina fita sayar da waake, wato shinkafa da wake, da safe. Na roƙe ta ta je asibiti, ta ce sai bayan an gwada na gida. Ana cikin haka ƙanin mijinta ya dawo daga tafiya. Wani Alhaji ne mai fataucin goro, jikan tsohon sojan Turawa, wanda duk rayuwarsa bai taɓa kwana a inda babu fitilar titi ba, sai wannan karon da ya bi motar wani abokinsa har tuddan Kamaru. Ya dawo da mura, da labari mai yawa, da ƙunshin ganye a matsayin tsaraba.

Wata Laraba da safe na biya gidan kafin in hau turotoro, motar haya, zuwa aiki. Na tarar da tukunya a kan kurfoti tana tafasa, matan gida sun kewaye ta, Alhaji na zaune a kan benci yana bayani. Ragowar ganyen na shanye a faifai.

Na gaishe su, na durƙusa, na ɗauki reshe ɗaya. Wannan kaɗai ya isa laifi, domin a unguwanninmu na Zango ba a juya tsaraba a gaban wanda ya kawo ta. Ana karɓa da hannu biyu, a yi godiya, ko da dutse ne. Amma hannuna ya riga ya saba. Ganyen siriri ne mai tsini, da kauri kamar fata, samansa na sheƙi, bayansa fari-fari kamar an barbaɗa toka, jijiyar tsakiyarsa kuma ja. A jikin reshen akwai busassun furanni a jere, ƙanana, kowanne da siffar tulu mai matsattsen baki. Wasu sun riga sun zama 'ya'ya, sun tsage gida biyar. Na san shi. Muna da shi a durowa ta ƙasa, cikin dangin tsirran da ba sa fitowa sai a kan tuddai masu sanyi, a bakin kurmi da cikin ciyawa. Sunansa a takardarmu Agauria salicifolia, a ƙarƙashin sunan kuma wanda ya tsinko shi ya rubuta cewa yana kashe dabbobi.

Na ce, "Alhaji, wa ya ba ka wannan?"

Ya yi dariya. "Wa zai ba ni? Ni na gano shi da idona. Kirachi, ka taɓa hawa dutse kuwa? Can sama, shanu sun cinye komai, ƙasa ta yi fes kamar an share. Wannan kaɗai ke tsaye, kore shar, ko ganye ɗaya ba su taɓa ba. Na ce wa direba, tsaya, wannan itacen akwai sirri. Abin da dabba ke girmamawa, ai ba ƙaramin abu ba ne."

Matan suka ce, "Allahu akbar."

Na daɗe ina jin wauta a unguwarmu, amma ban taɓa jin wadda aka yi wa ado haka ba. Mutum ya ga abin da saniya mai yunwa ta kewaye ta wuce, sai ya fahimci ladabi take yi. Ko makiyayi ɗaya bai tambaya ba, alhali ya ce rugagensu na nan gefen hanya. Ya ɗauko abin ya tsallaka iyakar ƙasa huɗu da shi, don ya dafa wa matar wansa.

Na ce, "Shanu ba girmama shi suke yi ba. Guba ne. Yaya, kada ki sha."

Sai gidan ya kaure da hayaniya. Wata tsohuwa, gwaggon mijin, ta nuna ni da ludayi. "Kai, ɗan boko! Mutum ya je har Kamaru ya kawo alheri, kai me ka kawo? Takarda?" Wata ta ce da ma ana faɗa, masu aiki da Turawa ba sa son a warke a gida. Alhaji ya gyara hularsa ya ce, "Ku bar shi. Busasshe ya sani, bai san ɗanye ba. Kirachi, a ofis ɗinku ganye nawa ya taɓa warkar da mutum?"

Na yi musu bayanin jijiyar da furen da 'ya'yan. Na ce zan iya kawo takardar a gani. Kamar ina magana da bango. Gwaggo ta tace ruwan a kofin silba, baƙi-baƙi mai ɗan kore, ta miƙa wa yayata.

Yayata ba ta yi makaranta ba, kuma ban taɓa jin ta goyi bayana a gaban dangin mijinta ba. Ta riƙe kofin, ta dube ni, ta dubi Alhaji. Ta yi tari mai tsawo. Da ya lafa sai ta ce, "Alhaji, ai ka san yadda ake yi. Mai kawo magani shi ke fara kurɓa. Bisimilla."

Haka al'adar take tun muna yara: ko mai tallan magani a Zongo Lane sai ya lasa a gabanka kafin ka saya. Ba wanda ya isa ya ce ta yi rashin kunya.

Alhaji ya dubi kofin. Na ga idonsa ya koma kan faifan, kan jar jijiyar nan da na nuna. Ya gyara murya. "Ai da na sha, Hajiya. Sai dai azumi nake yi."

"Yau Laraba?" in ji ta.

"Ramuwa ce."

Ni da idona na ga jan goro a haƙoransa, amma aikin ya riga ya fita daga hannuna. Yayata ta ajiye kofin a ƙarƙashin benci, ta rufe shi da murfin kwano. Ta ce, "To, ba sauri. In ka sha ruwa da magariba sai ka zo mu sha tare."

Bai zo ba. Aka ce wani aiki ya taso masa a Kotobabi. Washegari yayata ta zubar da tukunyar a kwata, ta sa aka ƙone ragowar ganyen don kada awakin gidan su kai gare shi, ta yafa mayafinta ta aiko a kira ni in raka ta asibiti. Aka ba ta magani na watanni, ta sha, ta warke.

Dangin mijin sun yi kusan shekara ba sa amsa gaisuwata da kyau. Laifina, kamar yadda gwaggo ta bayyana wa duk wanda ya tsaya saurare, shi ne na kunyata babban mutum a gaban mata. Shi kuwa Alhaji ya ci gaba da ba da labarin itacen a majalisa, sai dai ya ɗan gyara shi: yanzu shi ne ya lura da haɗarin, ya hana a sha.